A Maido Min Shi Lahiya

Ranar Babbar Sallar da ta wuce ina zaune a ƙofar gida, sai na ga ɗaya daga cikin jikokina yana bin Baffanku Haliru a baya yana kwaikwayon ɗingishinsa, sauran suna ƙyalƙyala dariya. Shi kuwa Haliru, maimakon ya juyo ya murɗe masa kunne, sai ya nemi wuri ya zauna, ya tara su yana ba su labarin nan nasa na raƙumin da ya kayar da shi a ƙasar Nijar, har da nuna yadda ya yi sama ya faɗo. Na san da labarin nan kuka tashi ku ma. To, ƙarya ce. Raƙumi bai taɓa kayar da Haliru ba, don ko hawa bai yarda ya yi ba, tsoron bakinsa yake ji. A ranar kuma na ji ke Hadiza kina gaya wa ƙannenki wai marigayiya Inna ba ta damu da babanku ba, Haliru ne ɗan gaban goshinta. Ban tanka ba saboda akwai baƙi, amma naman ranar bai yi mini daɗi ba. Maganganun nan biyu magana ɗaya ce, kuma tun idona yana ganin layin takarda gara in warware muku ita.

Ni ne ɗan farin Inna. Ku 'yan yanzu da kuke rungumar ɗan fari gaban surukai, kuna kiran sunansa kuna ɗaukarsa hoto a waya, da wuya ku gane abin da wannan ke nufi a gidanmu na Kalgo. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka kai ni Gwandu wurin kakata ta wajen uba, can na girma, can na koyi gyaran injin ban-ruwa da na ci abinci da shi har ƙarfina ya ƙare. In na zo Kalgo, Inna ba ta duban fuskata. In abinci ya nuna sai ta dubi tukunya ta ce a zo a ɗauka. In zan koma sai ta dubi bango ta ce a sauka lafiya. Wannan "a" ɗin shi ne sunana a bakinta: a zo, a ci, a tashi. Kowa ya gaya mini kunya ce ta ɗan fari, haka iyayenta suka yi, kuma na yarda. Amma yaro ba da kai yake jin irin wannan ba, da ƙirji yake ji. Ga Haliru autanmu, wanda na ba shekaru da yawa, tana zaunar da shi tana cire masa ƙaya, tana kiransa Auta, Autana, har ya fara gemu. Na girma da tabbacin cewa in da za a ce Inna ta zaɓi ɗaya, ba sai ta yi tunani ba.

Shekarar da nake magana, ke Hadiza kina rarrafe, Baba kuma ya riga ya rasu. Ina cikin matasa 'yan agaji na masallacin unguwarmu a Gwandu. Shugabanmu Malam Sidi mutum ne mai ƙafar yawo, ya taɓa zaman karatu a Agadas, kuma ta hannun wani abokinsa ya ji labarin wani ƙauye can cikin duwatsun Azbin, inda yashi ya cike rijiyoyin lambu, yara kuma ba su da inuwar zama su yi karatu. Ya tara mu ya ce wa zai ba da hutun damina saboda Allah: a yashe rijiyoyi, a gina ɗakin karatu, da la'asar a zauna da mutane a yi wa'azi. Ni an sa ni gaba saboda na san cikin rijiya. Haliru lokacin ya gama sakandare, yana jiran a buɗe ɗaukar soja, don ba shi da wata magana sai ta soja, kullum da asuba yana gudu a bakin fadama. Yana jin labarin tafiya ya ce ƙafarsa ƙafata. Na ce ba zai je ba. Ya tafi ya kai ƙara wurin Inna, ni kuwa na saki jiki, na san ba za ta bar Autanta ya ƙetare iyaka ba. Bayan kwana da kwanaki, sai aka aiko mini cewa ta yarda.

Da safen da za mu tashi muka durƙusa a tsakar gida mu yi mata sallama. Tana ta ƙulle-ƙulle, ga busasshen kifi, ga ƙuliƙuli, ga garin fura. Da ta gama sai ta ɗora hannu a kan Haliru, idonta a kansa, ta ce:

"A maido min shi lahiya."

Na ce to. Haliru ma ya ce to, na harare shi, don a ganina ba da shi ake ba. Tun da nake da Inna ba ta taɓa ba ni ajiyar ko allura ba, yau ga shi ta ba ni abin da ta fi so a duniya. Na fita daga gidan nan kaina ya yi nauyi da alfahari da tsoro, na ƙudurta ko ƙaya ba za ta soki yaron nan ba.

Muka bi ta Illela muka shiga Ƙonni, muka wuce Tawa. Kore na raguwa, itatuwa na gajarta, har aka kai inda in ka hangi bishiya ɗaya sai kowa ya juya ya kalle ta. A Agadas muka sauya mota, muka hau bayan wata tsohuwar a-kori-kura muka nufi duwatsu. Ku gane, mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Abin da muke kira dutse a Gwandu, akuya na hawa ta sauko kafin a gama alwala. Da hantsi sai muka ga wani abu baƙi ya tare gabas, na ɗauka hadari ne ya haɗo, har na ce a rufe buhunan siminti. Direba ya yi dariya ya ce ai Azbin ke nan. Muna matsowa yana tashi sama, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, wani kan wani, wani bayan wani, babu ciyawa babu komai, sai ka ce yau aka gama halittarsa. Akwai wani cikinmu da bai rufe baki ba tun daga Gwandu, nan ya yi tsit. Ban san sanda na fara tasbihi ba, sai ji na yi duk motar ana yi ƙasa-ƙasa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da muka karya wata kwana tsakanin duwatsu biyu sai ga lambu. Ga dabino, ga rumman, ga lemo, ga albasa jere kore shar, wadda ko a gida aka kai ta kasuwa ba za ta ji kunya ba. A bakin kowace rijiya an kafa itace, raƙumi yana tafiya gaba ya dawo baya, gugan fata yana fitowa ya juye kansa cikin kututturen dabino da aka fafe, ruwa ya bi kwalbati ya shiga fage. Ni mai gyaran inji na tsaya baki buɗe, babu fetur babu hayaƙi, sai ƙarar igiya. Mai masaukinmu wani dattijo ne, Agali, dogo siriri, fuskarsa kullum a naɗe cikin rawani, idanu kawai ake gani, ko abinci zai ci ta ƙarƙashin rawanin yake kai hannu. Malam Sidi ya gargaɗe mu kada wanda ya yi masa maganar, don a wurin Abzinawa namiji ya buɗe baki gaban mutane babban abin kunya ne. Hausarsa a hankali take fita, amma tana fita.

Ta tsakiyar ƙauyen akwai wata hanya mai faɗi ta farin yashi, ta fito daga cikin duwatsu ta wuce. Su suna ce mata kori. Da Agali ya ce mana gulbinsu ke nan, ni da Haliru muka dubi juna muka danne dariya. Gulbi babu kwalekwale, babu kifi, yara na wasan langa a tsakiyarsa. Ya ce in an yi ruwa a kan duwatsu, ko da nan ba a ga ɗigo ba, ruwan nan yake biyowa, don haka duk wanda ya ji ƙara ya bar abin da ke hannunsa ya hau gaɓa. Ban ƙaryata shi ba, amma na kasa kwatanta abin a raina. Mu a Kalgo gulbi yana sallama kafin ya shigo. Ka kafa kara a bakin ruwa yau, gobe ka ga ya hau kaɗan, ka sami lokacin kwashe kayanka har ka taya maƙwabci.

Muka kama aiki. Wasu suna ɗebo duwatsu a jaki, wasu suna kwaɓa ƙasa, ginin ɗakin karatu yana tashi a kan gaɓa. Ni da wasu biyu muna bin rijiyoyi, in sauka da igiya in cika guga da yashi, raƙumi ya ja. Ranar da rijiyar farko ta kawo ruwa ina ciki, na ji sanyi yana taso mini tsakanin yatsun ƙafa, na ɗaga kai na yi kira, sai ga fuskoki sun kewaye bakin rijiyar. Mai lambun ya sauko da kansa ya ɗebi ruwan nan mai laka ya sha. Da la'asar a shimfiɗa tabarmi, Malam Sidi ya yi wa'azi, a kawo shayi mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna, a sha har sau uku. Ban taɓa gajiya irin ta lokacin ba, ban kuma taɓa jin ina da amfani irin na lokacin ba.

Matsalata ɗaya Haliru. Na hana shi shiga rijiya, na hana shi ɗaukar babban dutse, na hana shi hawa bango. Shi kuma ya maƙale mini. In na sauka rijiya, yana bakinta yana duba ƙullin igiya. In zan sa takalmi da safe, ya riga ni ɗauka ya zazzage ko akwai kunama. In aka kawo mini ruwa sai ya kurɓa tukuna. Abokanmu suka sa mana suna akuya da ɗanta, suna gardamar wace ce akuyar. Kun san ni da saurin hawa. Na ja shi gefe na zazzage masa, na ce wane irin soja ne wannan mai bin gindin wansa don tsoro. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, washegari kuma ya ci gaba.

Wata Juma'a bayan an sauko, Agali ya ce zai kai mu mu ga inda ruwansu yake kwana. Muka bi wata 'yar hanyar awaki muna hawa, bango a dama, rami a hagu. Na sa Haliru ta jikin bango, shi kuma ya riƙe bayan rigata tamau, ina fizgewa yana sake kamawa. A hanya Agali ya nuna mana wani faffaɗan dutse da aka zana raƙuman dawa da shanu masu dogayen ƙahoni, ya ce ko kakannin kakanninsa haka suka tarar da su, wato nan da muke gani ƙurmus an taɓa kiwo. Muka ƙara hawa har muka shiga wani lungu, sai ga tafki a cikin dutse, kore, mai sanyi har cikin haƙori, ruwa na zubowa daga sama siriri. Muka yi alwala muka yi la'asar a kan dutsen. Da na sallame na leƙa ƙasa, sai ga shaho yana shawagi ƙarƙashinmu. Tun da aka haife ni cikin tsuntsu nake gani in yana tashi, ranar na ga bayansa. Can bayan duwatsun kuma ga rairayi ya miƙe ba iyaka har ya haɗu da sama. Na ji na zama ɗan mitsitsi, kuma abin mamaki daɗi na ji. Hawaye ya zubo mini, na ce iska ce.

Rijiyar ƙarshe da ta rage tana cikin korin ne, kusa da gaɓa, an kewaye bakinta da duwatsu. Da asubar ranar Agali ya fito ya daɗe yana duban kan duwatsu, bai ga hadari ba, sama tas, ya ce a shiga. Babu laifin kowa a abin da ya biyo baya, ruwan can bayan duwatsu aka yi shi inda ido ba ya kaiwa. Na tura Haliru wurin masu kwaɓa ƙasa a kan gaɓa, na ce in na ga ƙafarsa a cikin yashin nan sai ransa ya ɓaci. Na sauka. Rijiyar ba ta da zurfi sosai, amma ba ta fituwa sai da igiya. Rana ta ɗaga, ina cika guga, sai na ji bangon rijiyar yana rawa a bayana, yashi na zubo mini a wuya. Sannan na ji ƙara, ba ta sama ba, ta cikin ƙasa, kamar manyan motoci sun jero a kan gada. Na ɗaga kai, sama shuɗiya babu ko gajimare. Sai ihu. Raƙumin ya firgita ya zabura, ya ja mutum biyun da ke riƙe da shi, ya tumɓuke itacen bakin rijiyar, igiyar da nake hawa da ita ta bi shi ta fice. Na tsaya da guga a hannu ina kallon da'irar sama, na gane abin da ke zuwa, na yi kalmar shahada.

Sai kai ya leƙo cikin da'irar. Haliru ne. Kowa ya gudu sama, shi ya gudo ƙasa, da gudun nan nasa na bakin fadama. Ya kwance igiyar daga itacen da ya faɗi, ya naɗa a ƙugunsa, ya tokare ƙafafunsa da duwatsun bakin rijiya, ya jefo mini ɗaya bakin. Na daka masa tsawa ya gudu. Na zage shi, na haɗa shi da Allah, na ce Inna na jiransa. Abin da ya ce kawai:

"Hau, Yaya."

Na fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Har yau ban san yadda ƙugunsa ya ɗauke ni ba. Na hau, ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, na kama dutse na fito. Wata iska mai sanyi ta buge ni, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na juya na ga abin. 'Ya'yana, na ga ambaliya a Kalgo ba sau ɗaya ba, amma wannan daban ne. Gabansa ma ba ruwa ba ne, wani bango ne ja mai tafiya, ya cika korin gaɓa zuwa gaɓa, yana mirgino rassa da kututture da kumfa, duwatsu na karo a cikinsa, rana kuma na haskawa a kansa ƙal. Yashin da ke gabansa busasshe ne, fari, yana haɗiye shi yana tahowa. Wallahi ƙafata ta ƙi ɗagawa, kuma ba tsoro kaɗai ba ne, wani ɓangare na zuciyata so yake ya tsaya ya kalla. Haliru ne ya fizge ni.

Muka isa gindin gaɓa, ta fi tsayinmu, ga santsi. Mutane na sama suna miƙo hannu ba ya isowa. Nan na ga abin da ban zata ba: Agali ya kama rawaninsa ya warware shi gaban maza da mata, ya jefo mana bakin rawanin, fuskarsa a buɗe, ashe tsoho ne ƙwarai. Na kama Haliru zan ɗaga shi, shi kuma ya kama ni zai ɗaga ni. Muka tsaya muna kokawa a gindin gaɓa, ruwa na zuwa, kowa na tura ɗan'uwansa sama. Ya fi ni zafin nama. Ya sunkuya ya shiga ƙarƙashina ya ɗaga ni da kafaɗa, hannuwa suka cafke ni aka ja. Ina juyowa ruwan ya iso. Haliru ya sami naɗa rawanin a wuyan hannunsa, mutum wajen biyar suka riƙe, ruwa ya shimfiɗe shi yana kaɗawa. Sai wani kututturen dabino ya taho ya matse ƙafarsa da dutsen gaɓa. Duk ƙarar ruwan nan sai da na ji ƙarar ƙashin.

Aka jawo shi. Na zauna a kan gaɓa da kansa a cinyata, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Gabanmu inda yara ke langa da safe gulbi ne ja yana ruri, ƙasa na girgiza ƙarƙashinmu. Can sama da mu, waɗanda ba su san abin da ya faru ba, mata na rangaɗa guɗa, yara na tsalle, don ruwan nan shi ne abincinsu na shekara, shi zai cika rijiyoyin da muka yashe. Ina kuka, ina jin haushi, kuma na kasa ɗauke idona daga ruwan. Na dubi Haliru na ce wa ya ce ya sauko, ba na hana shi ba? Ya buɗe ido, leɓensa ya yi fari, ya ce:

"Aiko ni anka yi."

Na ɗauka Malam Sidi yake nufi, na tashi na yi kansa, ya rantse mini shi ma bai ga sanda yaron ya fice ba. Sai na bar maganar a kan zafin ciwo ne. Kafin la'asar ruwan ya ja baya, washegari sai jiƙaƙƙen yashi da tarkace. Na sauka na nemi rijiyar. Da ƙyar na gane wurin, ta cike da yashi da duwatsu har baki, ka taka ka wuce ba ka san akwai rami ba. Na daɗe tsaye a kanta.

Wani mai ɗori na ƙauyen ya ɗaure ƙafar da zarban dabino, muka jira hanya ta bushe, aka kai shi asibiti a Agadas. Sauran suka koma suka ƙarasa ɗakin karatu, ni na zauna jinya. Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta gajarce. Ranar da likita ya faɗa, Haliru ya juya fuska bango yini guda, don ya san maganar soja ta ƙare. Wannan keken ɗinkin da kuka tashi kuka gan shi a kai, ba shi ya so ba. Ni kuwa duk hanyar dawowa ba na ganin komai. Abu ɗaya Inna ta taɓa roƙona a rayuwata, ga shi zan mayar mata da shi a kan sanda. Na shirya magana na rushe, na sake shiryawa, har muka hango fadamar Kalgo, shinkafa ta yi kore, gulbinmu na tafiya a hankali kamar bai san komai ba.

Muka yi sallama muka shiga. Inna na zaune bakin ɗaki tana tsintar shinkafa a faifai. Ta ga sandar. Ta ajiye faifan a hankali. Na durƙusa nesa kaɗan inda na saba, na dubi ƙasa na ce:

"Inna, ga shi na maido shi, amma ba yadda kika ba ni ba. Ban cika amana ba."

Ba ta dube ni ba. Ta jawo Haliru ta zaunar, ta bi ƙafar da hannu tun daga gwiwa har idon sawu, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Ni ina jiran hukunci. Sai ta kama fuskarsa da hannu biyu ta ce:

"Ka maido min shi, Auta. Allah shi yi ma albarka."

Ban gane nan take ba. Sai da na ɗago na ga Haliru yana kallona ta gefen ido, da murmushin nan nasa na ranar da na zazzage masa. Sannan komai ya dawo mini: hannunta a kansa, idonta a kansa, da "to" ɗin da ya ce na harare shi. Da shi take magana. Ni ne "shi" ɗin. Ta san ni zan riƙa shiga ramuka a ƙasar da ba ta sani ba, ba ta da bakin da za ta ce in kula da kaina, ba ta da sunan da za ta kira, sai ta ɗauki wanda take iya kira ta aika shi ya tsare mata wanda ba ta iya kira. Shi ya sa ta yarda ya tafi. Zazzage takalmi, kurɓar ruwa, riƙe riga a kan dutse, duk aike ne.

Maƙwabta suka fara shigowa jaje, ana tambayar yadda aka yi. Na buɗe baki zan faɗa, Haliru ya riga ni, ya ce raƙumi ne ya kayar da shi. Nan take ya ƙirƙiro shi, har da launin raƙumin. In da ya faɗi gaskiya, da garin nan kaf ya ji cewa Inna ta aika autanta gadin ɗan farinta, da ba ta ƙara iya ɗaga kai cikin mata ba. Ya rufa mata asiri, ya bar yara suna yi masa dariya har yau. Inna ta rayu shekaru bayan haka, ni na sa ta a kabari, kuma har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba. Yanzu da ba ta nan kunyar ba za ta same ta ba, shi ya sa na rubuta. Hadiza, ki karanta wa ƙannenki. Yaron nan mai kwaikwayon tafiya kuma a gaya masa, da ƙafar nan ta tsaya daidai, da babu uwarsa babu shi, don ita bayan Azbin aka haife ta.

Ranar dai, da mutane suka ragu, ina nan durƙushe inda nake, na kasa tashi. Inna ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauki faifanta, ta juya ta dubi randa.

"A tashi a sha ruwa," in ji ta.

Na tashi na sha.